Zakaran Hajiya da Tukunyar Ɓawon Lemo

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Dutse bayan an ba mu jiha ya san darajar ɗaki. Ba gida na ce ba, ɗaki. Mu da aka kwaso daga Kano aka zube a gindin duwatsun nan, wasu kullum sai sun yi sammako sun zo, su koma da yamma, wasu kuma irina muka mai da ofis masauki. Na daɗe ina kwana a kan teburin da nake aiki, har ta kai idan na je Kano ƙarshen mako na hau katifa sai bayana ya yi ta ƙorafi yana neman katako. Sauron ofishin nan kuwa mun saba, idan na yi tafiya na dawo har sannu da zuwa suke yi min.

Saboda haka ranar da na samu ciki da falo a unguwar Takur, ji na yi kamar an naɗa ni hakimi. Gidan wata dattijuwa ne da unguwa ke kira Hajiya. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a wasu garuruwa, daga ita sai kajinta. Ba neman abin duniya ya sa ta saka 'yan haya ba, so take ta riƙa jin motsin mutane a gidan. Shi ya sa korar ɗan haya ba ta yi mata wuya. Wanda na gaji ɗakinsa, an ce laifinsa guda, ya jefi kaza da takalmi. Kafin takalmin ya sauka ƙasa an fara fito masa da kaya.

Na je Kano na ɗauko matata, lokacin tana da cikin fari. Ranar da muka tare Hajiya ta zaunar da mu a tabarma, ta dube ni daga hula har silifa.

“Ɗan nan, kajin da kake gani sun riga ka zuwa gidan nan.”

Na ce, “Allah ya bar zumunci tsakaninmu da su, Hajiya.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ɓawon kankana, ɓawon gwanda, ku zuba musu, suna so. Amma ɓawon lemo kada na gan shi a tsakar gidana. Busar wa kaza da ƙwai yake yi, tsaminsa kuma ya tsinka hanjin 'yan tsaki. Kun ji ko?”

Muka ce mun ji.

To ga inda matsalar take. Cikin nan na matata ba abin da yake so a duniya sai lemo. Ba nama, ba kifi, lemo. Idan na shigo da shi a leda, kafin na cire takalmi ta fere rabi. Da bazara ta kama, mangwaro ya shigo, sai ya zama lemo da mangwaro, wani lokaci da abarba idan na samo. Duka a tire ɗaya take yanka su, ruwan wannan ya taɓa ɓawon wancan, don haka ta ce ba za ta tsaya tantance wanda Hajiya ta halatta da wanda ta haramta ba. Ta samo wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ta ajiye a bayan banɗaki, duk ɓawo da ƙwallon mangwaro da tsotsattsen lemo a ciki take zubawa, ta rufe da faifai, ta ɗora dutse.

Zubarwa ma aiki ce. Bolar unguwa a bayan katangarmu take, kuma nan ne kajin Hajiya suke zuwa aiki kullum da safe. Idan muka zuba a can, daidai yake da mun kai musu har ofis. Don haka ni nake juye tukunyar a leda, na ɗaure a bayan babur, na jefar a wani kwazazzabo a hanyar aiki. Ina jin a duk faɗin jihar ni kaɗai ne ma'aikacin da ke fita aiki da fayil a gaba, ɓawon lemo a baya.

Haka muke zaune lafiya har makon da abubuwa biyu suka haɗu. Babur ɗina ya kwanta a wurin bakanike, tukunya ta yi ta cika ba mai kwashewa. Sannan aka aiko daga Miga cewa ƙanin Hajiya ya rasu.

Ko a cikin kuka ba ta manta ba. Tana ɗauke da ƙullin kayanta a zaure ta juyo ta ce min, “Ga dusa can a buhu. Ruwansu kada ya yi zafi. Ja kuwa, amana na bar maka.”

Ja shi ne zakaranta. Ban taɓa ganin zakara irinsa ba, kuma na daina sa rai. Idan ya tsaya a tsakar gida sai ka ɗauka ɗan akuya ne aka yi wa fukafukai. Carar da yake yi da asuba, ina kyautata zaton mutanen garin Buji ma da ita suke tashi. Tun yana ɗan tsako Hajiya ta ware shi, ta ce shi ne na cika-ciki, wato abincin daren nan na watan Muharram da ake yanka kaji kowa ya ci ya ƙoshi, ranar da jikokinta suke zuwa su cika gidan. Watan kuwa ya kusa kamawa. Gero take ba shi a tafin hannunta. Ni da nake biyan haya ban taɓa samun irin kallon da take yi masa ba.

Ranar Asabar bayan azahar ina kwance a falo, mafici a hannu, rana tana dukan kwano kamar da gayya. Sai na ji muryar matata ƙasa-ƙasa daga tsakar gida.

“Malam. Fito.”

Ba ta ɗaga murya ba, kuma abin da ya tashe ni zumbur ke nan.

Wari ne ya fara tarar ni, wani tsami mai hawa kai, kamar ƙullun koko da aka manta da shi a rana. Akuyar maƙwabta na ga bayanta tana ficewa ta zaure tana lasar baki. A bayan banɗaki tukunya tana kwance a gefe, faifai can, dutse can. Abin da ke ciki ya daina zama ɓawo, ya narke ya zama wani abu mai kumfa, saman ya yi fari-fari, ƙasan ya yi baƙi. Kuma an ci fiye da rabi.

Kaza ɗaya tana tafiya a karkace, ta yi taku kaɗan ta zauna daɓas, ta miƙe, ta sake zama. Wata ta jingina da turmi ta saki fiffike. Fingin Hajiya, mai gashin nan a birkice, tana kwance ta miƙe ƙafa, ido a lumshe. Ja kuwa, da yake shi ne babba kuma ba ya barin kowa ya ci sai ya ƙoshi, yana tsakiyar gida a kife, baki a buɗe, wuyansa ya lanƙwashe kamar igiya.

Matata ta dafe ciki ta ce, “Mun shiga uku.”

Teburin ofis ne ya faɗo min a rai, da ita kuma, da cikin nan, a motar Kano tana komawa gidan iyayenta.

Akwai wani dattijo da ke zama a ƙofar gidan da ke kallon namu, tsohon masinja ne tun zamanin En'e, Baba Masinja muke ce masa. Ba abin da ke shiga ko fita a layin nan bai sani ba. Ya ga akuya ta fito da gudu, ya ji shiru, sai ga sallamarsa a zaure. Matata ta ja mayafi, na ce ya shigo.

Ya tsaya ya dubi kajin ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa Ja da ɗan yatsan ƙafa. Ja bai motsa ba.

“Ina wuƙa?”

“Wuƙar me, Baba?”

“Wuƙar aski. Wuƙar yanka mana, ɗan boko. Ba ka ga rai yana fita ba?”

Na ce, “Baba, ba nawa ba ne.”

“Na san ba naka ba ne. Da naka ne ai da ban taso daga inuwa ba. In ya mutu a haka mushe ne, bola za a kai shi, ko romo Hajiya ba za ta sha ba. In ka yanka, ka ceto mata nama. Wanne za ka iya faɗa mata da bakinka?”

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa a ƙasar nan haka ya tashi ya gani. Dabba ta ɗauko mutuwa, ana rige-rige da ita ne a sa wuƙa, ko da mai ita ba ya nan, kuma idan ya dawo godiya yake yi. Wanda ya tsaya kallo har ta zama mushe shi ake zagi. Amma wannan idan mutuwar ce da gaske. Idan kuma ba ita ba ce fa? Idan na bi kajin Hajiya na yanke tas, alhali da an bar su za su tashi? Ba waya a lokacin balle na tambaye ta. Miga kuwa ko na samu mota a ranar, kafin na je na dawo an gama komai.

Matata ba ta tsaya jin mu ba. Ta kwashe kajin ta kai gindin darbejiya, ta yayyafa ruwa a ƙasa, ta ɗauko manja da ƙaramin cokali tana buɗe bakin kowacce tana ɗiga mata, don a gidansu haka ake yi wa dabbar da ta ci abin da bai dace ba. Kajin suna haɗiya da ƙyar. Da ta zo kan Ja, manjan ya gangaro ta gefen baki.

Baba Masinja ya ce, “Kin gani ko, 'yata? Ya daina haɗiya.”

“Numfashi yake yi, Baba.”

“Yanzu yake yi. Ke je ki ɗora ruwan zafi.”

Na tsuguna na ɗaga zakaran. Nauyinsa yana nan, amma jikin ya saki gaba ɗaya. Jan naman nan na kansa ya fara duhu. Na sa yatsa kusa da idonsa, fatar idon ta ɗan motsa, ta koma ta rufe. Na ajiye shi, kansa ya faɗi ƙasa kamar ba a jikinsa yake ba. Ƙafarsa ɗaya ta yi wata irin miƙa, ta karkarwa, ta tsaya.

Baba ya ce, “Shure-shuren ƙarshe ke nan. Ni dai na faɗa, kuma idan Hajiya ta tambaye ni zan ce na faɗa.”

Wannan maganar ce ta kai ni madafi na ɗauko wuƙa. Na shiga wasa ta a bakin turmi. Matata ta matso kusa da ni, ta yi magana yadda Baba ba zai ji ba.

“Malam, ka tuna amana ta ce.”

“Na tuna. Mushen amana zan miƙa mata?”

Ta koma wurin kajin. Ni ma ban san amsar ba, tambayar kawai na iya.

Na tona ɗan rami a gefen katanga. Na ɗiga masa ruwa a baki kamar yadda ake yi, na fuskantar da shi alƙibla, na taka ƙafafu da fukafukai duk da ba abin da ke motsi. Baba ya riƙe kan. Na tsaya da wuƙa a wuyansa ina jira ko zai buɗe ido, ko ya yi wani abu da zai hana ni. Bai yi ba. Na yi bisimilla na yanka.

Jini ya yi tsartuwa har kan rigata. Ina ɗaga ƙafa zakaran nan ya zabura, ya yi sama, ya faɗo, ya bi tsakar gida yana dukan ƙasa da fukafukai, ya ture butar alwala, ya je ya daki ƙofar Hajiya kafin ya kwanta.

Baba Masinja ya ce, “Alhamdu lillahi, mun riske shi. Ya halatta.”

Ni kuwa na tsaya da wuƙa a hannu ina kallon zakaran. Na san kowace kaza tana wannan bayan yanka. Amma ƙarfin da na gani bai yi min kama da na wanda ya zo gargara ba.

Baba bai ba ni lokacin tunani ba. Ya sunkuya ya kamo fingi ta fiffike. “Saura. Yi sauri, wuƙa tana da zafi.”

A nan matata ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi wa babba ba. Ta karɓe kazar daga hannunsa, a hankali amma ba da wasa ba, ta haɗa ta da sauran, ta kifa musu babban kwandon wanki, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna, ta ɗora hannu a kan kwandon.

“Baba, ka yi haƙuri, da girmanka. Waɗannan in za su mutu, a nan za su mutu.”

“To, ke za ki biya mushe?”

“Ni na tara ɓawon. In kora ce, da ni za a fara.”

Baba ya dube ni, wai ko zan yi magana a matsayina na mai gida. Na dubi wuƙa, na dubi rigata. Ya kaɗa kai ya ce 'ya'yan zamani sai addu'a, amma bai tafi ba. Ya nemi inuwa ya zauna, don ba zai bari a ba shi labarin ƙarshen abin ba.

Ban taɓa zama mai tsawon wannan ba. Lokaci-lokaci matata takan ɗaga gefen kwando ta leƙa, ta ɗiga musu ruwa, ta mayar. Aka kira la'asar, ban iya zuwa masallaci ba, a nan gindin bishiya na yi, kuma Allah ya yafe min, rabin hankalina yana ƙarƙashin kwando. Da na sallame Baba ya ce, “Fingin nan ta tafi, tun ɗazu ban ji ta ba.” Matata ta leƙa ta daɗe, ta ce, “Tana nan.” Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko ƙarfin hali ne.

Inuwar katanga ta kusa cinye tsakar gida sai muka ji ƙwas, ƙwas, ana tonon ƙasa. Matata ta ɗaga kwandon gaba ɗaya. Wadda ta jingina da turmi ɗazu tana tsaye, tana kallonmu da ido ɗaya kamar mu ne muka yi abin kunya. Ta taka zuwa kaskon ruwa, ta sha, ta sha, ta sha. Can wata ta miƙe. Fingi ce ƙarshe, ta tashi ta faɗi, ta tashi ta yi tangaɗi, ta tsaya. Kafin magariba duk sun nufi akurki da ƙafarsu, ko da yake ɗaya sai da ta yi karo da bango kafin ta gane ƙofa.

Shekaru kaɗan bayan nan, da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, abokaina a ofis sukan ce na gode wa Allah abin bai faru a lokacin ba, da an zo an tarar da gidan da kaji ke tangaɗi da rana tsaka, a rasa wa za a fara tuhuma, ni ko su. Yanzu nakan yi dariya. A ranar kuwa ko murmushi ban iya ba, domin kowace kaza da ta miƙe, ƙara nuna min take cewa ga zakara can kwance a ƙofar Hajiya wanda da wataƙila shi ma ya miƙe.

Baba Masinja ya tashi ya karkaɗe riga. Ya ce, “Shi dai nasa ya fi tsanani, kowa ya gani.” Da ya kai zaure ya juyo. “In kuna so, sai a ce muzuru ne. Romon kuma a raba a rufa wa juna asiri.”

Matata ta ce, “A'a, Baba, mun gode.” Bayan ya fita ta ce min, “Kafin Hajiya ta sauke ƙullinta zai faɗa mata har kalar akuyar.”

Ta fige zakaran, ta gyara, ta soya shi da gishiri sosai, ta zuba a langa ta rufe. Ba firji gare mu ba, wutar ma sai ta ga dama, don haka kullum safe da yamma sai ta sake juya shi a mai don kada ya lalace. Ƙamshi ya cika gida, mu kuma muna cin tuwo da miyar kuka a gefensa. Mace mai ciki tana soya nama tana kau da kai. Ko ɗanɗanon gishiri ba ta yi ba.

Ranar Litinin a wurin aiki na nemi wani malamin dabbobi da muka saba, na ba shi labari. Da ya gama dariya ya share hawaye, ya ce ɓawon lemo sabo ba ya kashe kaza, yawanci ma ko an zuba musu sai su tsattsaga su bar shi, ba sa son ɗacinsa. Kankana da gwanda da mangwaro kuwa alheri ne a wurinsu, in ba a mai da shi abincinsu gaba ɗaya ba. Abin gudu shi ne wanda ya ruɓe ko ya yi funfuna, balle wanda aka rufe a tukunya cikin zafin bazara har ya yi tsami ya fara kumfa. Wannan, in ji shi, yakan bugar da su, yakan kuma kashe.

Na ce, “To zakaran, da zai tashi?”

Ya ce, “Wa ya sani? Wanda ya fi ci shi ya fi shiga haɗari. Zai iya tashi, zai iya tafiya.”

Na koma ofis na tsaya ina kallon tsohon teburina. An ɗora masa sabon keken rubutu, ko wurin miƙe ƙafa babu. Da aka tashi na zaga unguwanni ina tambayar ɗaki, kowa ya dube ni kamar na tambayi teku.

Washegari da hantsi Hajiya ta dawo. Ban fita aiki ba, ina jiranta. Muka yi mata gaisuwa, muka yi wa mamaci addu'a, matata ta kawo ruwa. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta sha ruwan, ta kwance bakin zaninta ta ɗebo ɗan gero da ta zo da shi, ta watsa, ta yi irin kiran nan nata da harshe. Kaji suka sheƙo. Ta bi su da ido. Ta ƙara watsawa, ta dubi bayan banɗaki, ta dubi kan katanga.

“Ina Ja?”

Na sauka daga tabarma na tsuguna a ƙasa. Na faɗa mata tun daga tukunya har kwando, ban rage ba, ban ƙara ba, wanda a wurina ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ta katse ni ba. Gero yana hannunta, fingi tana miƙa wuya tana tsinta, ita ko kallonta ba ta yi.

Da na gama ta ce, “Lemo.”

Na buɗe baki zan kawo bayanin malamin dabbobi, matata ta yi wani ɗan tari. Na rufe.

“Wa ya yanka?”

“Ni ne, Hajiya.”

“Ka ba shi ruwa?”

“Na ba shi.”

“Ya yi motsi bayan wuƙa?”

“Ya yi. Har ƙofarki ya je.”

Ta runtse ido. Na ce a raina shi ke nan, wannan kalmar ta ƙarasa ni. Can ta ce, “Kawo shi.”

Matata ta kawo langar da tire. Saboda yawan suya, zakaran da ya kai ɗan akuya ya koma kamar tattabara. Hajiya ta wanke hannu, ta shiga fito da naman ɗaya-ɗaya tana jerawa a tire, kowane a mazauninsa, kamar mai shirin ɗinke shi ya tashi. Cinya da cinya. Fiffike da fiffike. Ƙirji, baya, wuya, kai, ƙafafu, hanta. Ta tsaya. Ta sa hannu a langar tana lalube, ta karkata ta tana dubawa.

Na san abin da take nema. Ƙundu. A wurin mutanen da, kaza ko ta cika tire, in babu ƙundu to an taɓa ta, kuma wanda ya ci ƙundu kamar ya ci kazar ne duka. Na saci kallon matata. Na tuna safe da yamma tana tsaye a kan kaskon suya ita kaɗai, ga ciki, ga kwaɗayi.

Hajiya ta kife langar a tafin hannunta ta bubbuga. Wani ɗan baƙin abu ya faɗo, ya ƙanƙance kamar goro. Ta juya shi, ta kai kusa da ido, ta ajiye a tsakiyar tiren.

Ta daɗe tana kallon zakaranta a jere. Sannan ta ce, “Gawa na baro a Miga. Da na dawo na tarar an jefar min da shi a bola, da ban san me zan yi muku ba.” Ta juya wurin matata. “'Yar nan, lemo ya bar gidan nan daga yau. In kwaɗayin ya motsa, ki tsallaka gidan Masinja ki sha a can, kajinsa ba su da mai tsaya musu.”

“To, Hajiya.”

“Tukunyar kuma a fasa ta.”

“To.”

Ba ta ce ku zauna ba, ba ta ce ku tashi ba. Matata ta shige ɗaki. Ni na kasa tambaya, na kasa tafiya. Na yunƙura zan miƙe sai ta ce, “Ina za ka? Miƙo hannu.”

Na miƙa hannu biyu. Ta ɗauki ƙundun ta sa min.

“Wannan rabon namijin gida ne, ni ban taɓa cinsa ba. Ci a nan ina gani. Ranar kasuwar Shuwarin kuma ka karɓo babur ɗinka, tare za mu. Ba zan aiki mutumin da bai san zakara mai rai da matacce ba ya zaɓo min na cika-ciki.”

Na jefa shi a baki. Ƙundun nan ya sha suya har ya zama tsakuwa, ina jin da na cije da ƙarfi da a ranar na yi sallama da turamen haƙorana. Haka na tsuguna a gabanta ina juya shi daga wannan kunci zuwa wancan, tana kallona, kaji suna zagaye mu, har Allah ya taimake ni ya wuce.

Da na shiga ɗaki na tarar da matata a bakin gado, gabanta ƙullin kaya manya-manya da ban san lokacin da ta ɗaure su ba. Ta dube ni, ta dubi bakina da ke maiƙo.

“Me ta ce?”

“Ta ce na karɓo babur.”

Ta jawo ƙulli ɗaya ta fara kwancewa. Ta ce, “In ka fita ka biya ta wurin mai lemo. Ka kai min gidan Baba, ka ce ina zuwa.”